Safiyar Laraba a bakin Ruwan Leith

Ƙarfe takwas na tashi daga aikin dare, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Tsohuwar da ke ɗakin ƙarshe ba ta runtsa ba, hannuna ta riƙe har gari ya waye tana kiran sunan 'yarta. Da na fito, bas ya zo ya tsaya a gabana, na bar shi ya wuce. Na san in na koma gida da wannan nauyin a ƙirji, juyi kawai zan ta yi a gado. Sai na nufi unguwar Dean da ƙafa.

Abin da har yanzu ke ba ni mamaki a Edinbura shi ne, daga tsakiyar gari tafiyar minti goma kacal, kina gangarowa ta wannan siririyar hanyar duwatsu sai ƙarar motoci ta ɗauke ɗif. Ba abin da kike ji sai ruwa. Masu yawon buɗe ido ba su fito ba tukuna, daga ni sai wani dattijo da karensa. Afrilu ne, tafarnuwar daji ta rufe gangaren, ƙamshinta kamar ana jajjage a maƙwabta.

Dean unguwar masu niƙa ce tun asali. Wannan ɗan kogin da ake kira Ruwan Leith, wanda a wasu wuraren yaro zai jefa dutse ya haye shi, ya taɓa juya injinan niƙa sama da 70, na gari da na takarda da na taba. Duwatsun niƙa uku na nan an jingine su a gefen hanya. Na dafa ɗaya, sanyi ƙalau, na tuna dutsen niƙan Kaka da ke bayan rumbu, wanda tsakiyarsa ta lotse don aiki. Gaba kaɗan na bi ta ƙarƙashin gadar da injiniya Thomas Telford ya gina, aka gama a 1831. Tsayinta ya haura mita 30. Ɗaruruwan mutane na wucewa a samanta zuwa ofis, ni ina ƙasa ina jin kukan tsuntsaye.

A wajen rijiyar St Bernard, mai rumfar ginshiƙai da aka gina a 1789, na zauna na kira Inna. A watannin nan agogonmu ɗaya da na Kano, na san ta gama lazimi. Na juya mata kyamara.

"Ke kaɗai a bakin ruwa da sassafe? Kin yi addu'a kuwa?"

"Na yi, Inna. Ga mutane nan suna wucewa."

"To, Allah ya tsare. Amma ruwan nan garau yake, kamar a sha."

Muna cikin magana sai ga zalɓe a kan dutse, ƙafa ɗaya, ko motsi ba ya yi. Inna ta yi shiru tana kallonsa, ni ma haka. Mun kai minti biyu ba wadda ta ce uffan. Rabon da mu yi irin wannan zaman tun kafin in taho.

Garau ɗin da ta ce shi ya tsaya min a rai. A ƙarni na 19 nan ake zuba najasar gari da dattin masana'antu, wari ya hana mutane kusantarsa. Sai da aka shimfiɗa manyan bututun ƙazanta, injinan suka mutu ɗaya bayan ɗaya, sannan a 1988 mutanen gari suka kafa ƙungiyar kula da kogin. Yau hanyar ƙafar ta kai kusan kilomita 20, daga Balerno har tashar jiragen ruwa ta Leith, kuma karen ruwa ya dawo cikinsa. Ni da na tashi kusa da Jakara, na san warin kogin da gari ya juya wa baya. Muna yara toshe hanci muke yi mu haye da gudu, ba mu taɓa kiransa kogi ba ma, kwata muke cewa. Wallahi da na ga zalɓen nan sai da idona ya cika.

Kusa da Stockbridge na haɗu da wata dattijuwa, ta doshi saba'in, da safar hannu da buhu tana tsince kwalabe a cikin ciyawa. Na riƙe mata bakin buhun. Ta ce sukan fito aikin gayya, in ina so in zo, amma in nemi takalmin roba mai tsawo.

Daga kan gada na leƙa na ga mutum-mutumin ƙarfen da mai fasaha Antony Gormley ya ƙera, tsaye a ruwa. Ranar farko da na gan shi sai da gabana ya faɗi, na ɗauka wani ne ya shiga. Yau wata leda ce ta maƙale a gwiwarsa, ruwa na kaɗa ta.

Na sayi burodi, na hau bas, na iso gida goma da rabi. Na sa ƙararrawa ƙarfe ɗaya don azahar. Gobe ba ni da aiki, zan je neman takalmin.