Santambul: abincin tukunya mai dogon tarihi

Sayayyar kaya ce ta kai ni Laleli, wata unguwar kasuwanci a Santambul, amma tun da na dawo, hirar gidajen abinci ce ta cika mini baki. Mu dai da an ce Turkiyya sai mu ce kebab. Ashe abincin mutan Santambul na yau da kullum yana cikin tukunya, a wuraren da suke kira lokanta.

Abin ya samo asali tun zamanin Daular Usmaniyya. Manyan masallatai suna da imaret, wato ɗakin girki na wakafi, inda ake rabon romo da burodi kyauta ga ɗalibai, ma'aikata, matafiya da talakawa. Na ga ginin na masallacin Sulaimaniyya, wanda shahararren magini Mimar Sinan ya kammala a 1557. Daura da masallacin akwai jerin shagunan kuru fasulye, farin wake ke nan da ake ci da shinkafa. Ina ganin faranti na ce ai ga garau-garau ya yi karatu! Sai dai nasu da romo yake, kuma man shanu ne maimakon man gyaɗa da yaji.

Na tsaya na ga yadda ake yi. A jiƙa wake ya kwana, a zubar da ruwan, a tafasa shi kaɗan a sake tsamewa. Ga rabin kilo, albasa 2 ake soyawa da man shanu cokali 3, a zuba tumatirin gwangwani cokali 2 ya soyu, sannan wake da ruwan zafi ya ɗan rufe shi. Wuta ƙasa-ƙasa, awa biyu ko fiye. In wuta ta yi yawa ɓawon ya dare ya bar tsakiya da gardi. In tsohon wake ne ko ba a jiƙa ba, tsamin tumatir ya daɗa ƙangarar da shi, ko yini za a yi ba zai nuna ba.

Esnaf lokantasi kuwa, wato na masu sana'a, tsarinsa kamar na mai tuwo a bakin kasuwa: ba takardar zaɓi, tirori ne jere a bayan gilashi, ka nuna da yatsa a zuba maka. Sau ɗaya ake girki, da safe. Ka je da sha biyu, domin bayan ƙarfe uku sai ƙanzo. Burodi cike da kwando, ba wanda ke ƙirga maka. Wani mai shago a bayan kasuwar Kapali Carshi ya ga na tsaya ina zare ido, ya ɗanɗana mini kala uku a ƙaramin faranti, ya bi ni da shayi, ya ƙi karɓar kuɗinsa.

Wanda ya yi suna a cikinsu shi ne Haji Abdullah da ke Beyoglu, wanda aka buɗe a 1888 zamanin Sarki Abdulhamid na biyu. Ba giya, ga tulunan gilashi cike da 'ya'yan itace a jikin bango. Daɗi akwai, amma kuɗin faranti ɗaya ya ci abincin rana biyu a wurin masu sana'a.

Inda na sha wuta shi ne wani gidan kifi na bakin ruwa. Farashin da ke rubuce ashe na kilo ne, ba na faranti ba, sannan suka ɗora kuver, kuɗin burodi da shimfiɗar tebur. Na yi magana, ɗan sabis ɗin ya ɗage kafaɗa ya juya mini ƙeya. Ka sa a auna kifi a gabanka kafin ya hau wuta.

Gidan ƙofte (dunƙulen niƙaƙƙen nama da ake gasawa) na unguwar Sultanahmet, wanda aka buɗe a 1920, layi ya hana ni zama. Gidan abinci na Kanaat da ke unguwar Uskudar, wanda aka buɗe a 1933, sai an tsallaka ruwa, na bar shi sai wata tafiyar.