Yadda muka gyara takardar sallamar surukina daga aikin soja

A Amurka, duk wanda ya yi aikin soja ya fita, akwai takarda guda da ke bin sa har kabari. Sunanta DD-214, wato takardar sallama. Da ita ake neman magani a asibitocin 'yan mazan jiya, da ita ake neman rancen gida, kuma ita ake dubawa kafin a sassaƙa wani abu a kan dutsen kabarin soja. Abin da ke cikinta shi ne ya faru a idon hukuma. Wanda babu kuwa, ko da tabonsa na jikinka, sai ka kawo hujja.

Surukina, mahaifin matata, wanda nake kira Baba, an ɗebe shi soja a 1968 lokacin da ake ɗaukar samari dole. Ya yi shekara guda a Biyetnam cikin sojojin ƙasa, aka sallame shi a 1969. A ƙarshen watan Fabrairu na shekarar ne ɓarɓashin harsashin igwa ya same shi a cinya da ƙugu. Ya kwanta asibitin soja, ya warke, aka mayar da shi fagen daga. Duk sojan Amurka da abokan gaba suka ji wa rauni haƙƙinsa ne ya sami lambar Purple Heart. Ba sai wani hafsa ya yaba da shi ba, raunin ne ke jawo ta. Baba ya ce wani jami'i ya zagayo ɗakin marasa lafiya ya maƙala masa ita a jikin matashin kai. Tana nan cikin akwatinsa. Amma a takardar sallamarsa, a gurbin lambobin yabo, 'yan haruffa ne kawai na tafireta a dunƙule, NDSM da VSM da VCM da CIB, gajerun sunayen wasu lambobi dabam, sauran wurin fari fat.

Shekaru fiye da hamsin bai taɓa saka lambar nan a rigarsa ba. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Ɗana, in wani ya ce nuna takarda, me zan nuna?" A ƙasar nan ana tsananin ƙyamar masu ƙaryar jarumta, har doka aka yi a 2013 kan masu iƙirarin lambar da ba tasu ba don cin wata riba. Mutumin da ya zubar da jininsa ya gwammace ya yi shiru da a yi masa kallon maƙaryaci. Wannan magana ta tsaya mini a rai, ita ta sa na ce masa ya ba ni izini mu gwada.

Izinin kuma dole ne. Suruki ba ya cikin dangin da doka ta yarda su nemi fayil ɗin soja, sai shi mai abin, ko bayan ransa matarsa da ba ta sake aure ba, ko 'ya'yansa, iyayensa da 'yan'uwansa na jini. Don haka ni ke cike fam, shi ke sa hannu. Na farko shi ne SF-180, wanda ake aika wa babbar ma'ajiyar bayanan ma'aikata da ke Sent Luwis a jihar Mizuri. Wani tsohon soja da ke taimaka wa mutane kyauta a ɗaya daga cikin ƙungiyoyin 'yan mazan jiya ya ja mini kunne: in rubuta ƙarara cewa fayil ɗin gaba ɗaya muke so, in ba haka ba 'yan muhimman shafuka kawai za a tsamo. Irin waɗannan mutane suna nan a ƙungiyoyi irin su American Legion da VFW da DAV, ba sa karɓar ko kwabo, kuma sun san hanyar fiye da yawancin masu karɓar kuɗi.

Mun yi sa'a ta wani ɓangare. A ranar 12 ga Yuli 1973 gobara ta tashi a ma'ajiyar nan ta cinye fayil tsakanin miliyan 16 zuwa 18, akasari na sojojin ƙasa da aka sallama daga 1912 zuwa farkon 1960. Na Baba bai shiga ciki ba. Masu neman na kakanninsu da suka yi Yaƙin Duniya na Biyu ko na Koriya su ne ke shan wahalar haɗa tarihi daga takardun albashi da katunan asibiti.

Da fayil ya iso na zauna na karanta shi shafi-shafi, a nan na gane cewa abin da muke kira "lambobin da suka ɓace" iri uku ne, kowanne da ƙofarsa.

Akwai waɗanda lissafi ne kawai. Lambar hidimar Biyetnam, wato VSM, ana ɗora mata ƙaramin tauraro na tagulla kan kowane zangon yaƙi da soja ya halarta, kuma kwanakin Baba sun ratsa zango huɗu, takardarsa ba ta nuna ko ɗaya ba. Akwai kuma lambar jarumta da gwamnatin Kudancin Biyetnam ta ba rundunonin Amurka a dunƙule, wadda umarnin rundunar sojan ƙasa mai lamba 8 na 1974 ya tabbatar. Baba ya bar soja shekara biyar kafin nan, ta yaya za ta shiga takardarsa? Waɗannan ba su ba mu wahala ba. Sashen lambobin yabo na rundunar sojan ƙasa da ke Fort Knox a Kentaki ya duba kwanaki da sunan rundunarsa ya amince.

Akwai kuma wadda aka yi alkawari da baki. Baba ya ce laftanar ɗinsu ya ce zai rubuta masa lambar jarumta saboda wani dare da ya janyo wani yaro da aka harba. Ba a rubuta ba, ko an rubuta ta ɓace a hanya. Irin wannan ba gyaran takarda ba ne, sabuwar buƙata ce, kuma tunda wa'adinta ya wuce sai ta bi ta hannun ɗan majalisar dokoki, da shaidun gani da ido da amincewar shugabanninsa na wancan lokaci. Laftanar ɗin ya rasu. Baba ya ce a bar ta, kuma ina ganin ya yi daidai. Da mun cusa ta cikin buƙatarmu, da ta raunana abin da muke da ƙarfi a kai.

Iri na uku, Purple Heart, ita ce ta ci mana lokaci. Babu takardar umarnin bayar da ita a fayil ɗin. Mai yiwuwa asibitin ya buga umarnin amma kwafin bai riski fayil ɗinsa ba, shi kuma akawun da ya buga takardar sallama abin da ke gabansa ya kwafa. Baba ma ya ce ranar bai karanta ba, gida kawai yake so. Amsar farko da muka samu a fili take: ana buƙatar shaidar cewa raunin daga abokan gaba ne, cewa ya kai ga likita ya yi magani, kuma cewa an rubuta maganin a takardun hukuma. Sharuɗɗa uku, kowanne da hujjarsa. Tabon da ke cinyarsa bai amsa ko ɗaya ba, domin tabo ba ya faɗin wanda ya yi shi. Ita kanta lambar da ke akwati ba hujja ba ce, ana sayar da irinta.

Da farko abin ya yi mini zafi. Daga baya na ga hikimarsa. In da labarin baki ya isa, da lambar ta zube a idon waɗanda suka same ta da jini.

Sai muka koma neman abin da aka rubuta a lokacin. Kowane kamfanin soja a wancan zamani yana cike rahoton safiya kullum: wa ya zo, wa ya tafi, wa ke asibiti, wa ya mutu. Ana ajiye da su a Sent Luwis a faifan ƙananan hotuna, amma ba a jera su da sunan mutum ba, sai ka faɗi kamfani da bataliya da wata. Bayanan kwanciya asibiti su ma daban suke, an jera su da sunan asibiti da shekara. Baba ya tuna kamfaninsa sarai, amma watan da sunan asibitin sun kuɓuce masa.

Ƙanwarsa ce ta cece mu. A cikin kayan mahaifiyarsu akwai wasiƙun da yake aikowa, ɗaure da zare. Ɗaya a kan takardar Red Cross take, rubutun ya karkace saboda a kwance ya yi shi. A kusurwar ambulan, inda ake manna kan sarki, da hannu ya rubuta cewa kyauta ce, yadda aka yarje wa sojojin da ke fagen yaƙi. A ciki ya ce wa uwarsa kada ta damu, ɗan ƙwarzane ne, ya sa kwanan wata, ya kuma ambaci lambar asibitin. Na karanta masa ita da ƙarfi. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Ƙarya na yi mata, ba ƙwarzane ba ne."

Da wannan kwanan wata muka sake rubutawa. Rahoton safiya ya zo, baƙi-baƙi da ƙyar ake karantawa, ga sunansa da lambar shaidarsa ta soja, an rubuta ya tashi daga aiki zuwa asibiti sakamakon harin abokan gaba. Takardar asibiti ta nuna an ciro ƙarfe an yi ɗinki. Wani abokinsa da suke rami ɗaya a daren ya rubuto shaida ya yi rantsuwa a kai. Shaidar aboki tana ƙara nauyi, amma ita kaɗai ba ta cika ɗaukar kaya ba, layi biyun nan na rahoton safiya su ne ginshiƙi.

Muka cike fam DD-149 zuwa hukumar gyaran bayanan soja. Farar hula ne ke zama a cikinta, kuma yawanci a kan takarda suke yanke hukunci ba tare da sun ga mai ƙara ba. Suna farawa ne da ɗaukar cewa abin da ke fayil daidai ne, kai za ka nuna akasin haka. Doka ta ba da shekara uku daga ranar da aka gano kuskure, wanda ya tsorata ni, amma hukumar na da ikon yafe jinkiri in adalci ya buƙata, kuma akwai gurbin da za ka faɗi dalilinka. Baba ya faɗi nasa a jimla biyu: bai san ana gyarawa ba, kuma ya daɗe ba ya son tuna yaƙin. Bayaninmu shafi ɗaya ne. Kowane sharaɗi na sa masa takardar da ke amsa shi, na ba ta lamba, kwafi muka aika muka riƙe na asali.

Jiran ya yi tsawo, kuma Baba ba yaro ba ne. Abin da ya fi damuna ke nan a duk tafiyar. Bayan ran mutum iyalinsa na iya nema, amma wa zai tuna sunan kamfani, wa zai san wane aboki za a kira?

Hukumar ta amince. Aka aiko da DD-215, 'yar takardar da ake haɗawa da ta sallama, ɗauke da Purple Heart. Mun kai kwafi ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji, domin masu wannan lamba ana sa su a rukuni na 3 na jerin fifiko wajen samun magani. Mun yi rajistar wani a ofishin ajiyar takardu na gunduma, kowane ɗa kuma ya sami nasa. A bikin ranar 'yan mazan jiya na 11 ga Nuwamba Baba ya saka lambarsa ya fita.

Abokin nan da ya yi mana shaida ya je ya duba tasa takardar, ya ga shi ma babu taurarin babu lambar 1974. Na aika masa SF-180 a cike, saura sa hannunsa.