Gaggawar da Ake Yi Tun Hadari Bai Haɗu Ba

Aikin da aka ɗauke ni a kansa a sashen kula da muhalli na wata ƙaramar hukuma a Legas ba shi da wani suna mai nauyi. An ga ina jin Yarbanci da Turanci, Hausa kuma a Zangon Agege na tashi da ita, sai aka ɗora mini shiga tsakanin ofis da 'yan'uwanmu da ke cikin kasuwanni, wato masu kayan gwari da mahauta da 'yan dako da masu tura kura. Shekara shida na yi ina rakiyar duba-gari, ina fassara takardun gargaɗi, ina kuma bai wa kowane ɓangare haƙuri a madadin ɗaya ɓangaren. A cikin wannan zirga-zirga ne na fahimci abin da ake nufi idan aka ce ƙaramar hukuma ta ɗauki sauyin yanayi a matsayin lamarin gaggawa, kuma fahimtar ba a ɗakin taro ta zo mini ba, ko da yake a can na fara jin maganar.

An taɓa tura mu wani taron ƙara wa juna sani, inda aka ba mu labarin ƙaramar hukumar Darebin da ke birnin Melbon na Ostireliya, wadda a Disambar 2016 ta zama ta farko a duniya da ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan sauyin yanayi. Birnin Biristol na Ingila ya bi sahu a 2018, majalisar dokokin Birtaniya ta yi nata a watan Mayun 2019, daga nan ɗaruruwan ƙananan hukumomi suka yi ta yi. Na dawo cike da zumuɗi, na nemi shugabannin wata kasuwa da ke yankinmu suka tara mini jama'a bayan La'asar, na tsaya ina bayani cewa lokaci ya yi da mu ma za mu ɗauki lamarin a matsayin ta-ɓaci. Wani dattijo dillalin albasa, wanda ya yi sa'ar mahaifina, ya bari sai da na kai aya, sannan ya ce, "Ɗana, ta-ɓaci ka ce? To, idan ta riga ta ɓaci, me ya kawo ku? Kullum sai ruwa ya kai mana gwiwa muke ganin motarku." Na ce, "Baba Alhaji, ai sunan dokar ke nan." Ya ce ya ji, amma shi kwatar bayan rumfarsa yake tambaya, wadda rabon da a yashe ta tun kafin babbar sallah.

Na ji kunya a ranar, domin na je da niyyar koya wa mutane abin da suka fi ni sani. Yawancin waɗanda ke zaune a gabana daga Jigawa da Sakkwato da Yobe da Katsina suka fito, wasunsu kuma gona ce ta daina ciyar da su shi ya sa suka zo Legas. Sun san damina ta daina zuwa a kan ƙa'idarta, sun san ambaliyar 2022 da ta cinye gonaki a ƙasar Haɗejia, kuma daga baya, da madatsar Alau ta ɓalle kan Maiduguri a Satumbar 2024, da kuma lokacin da ruwa ya afka wa Mokwa a ƙarshen Mayun 2025, a kan hanyar da manyan motocinsu ke bi zuwa kudu, sun riga ofishinmu samun labari. Ba su buƙatar a gamsar da su cewa yanayi ya sauya. Abin da suke son ji shi ne wane ne zai yi me, kuma a wane wata.

Kafin wannan aiki, ina cikin masu cewa shara ce kaɗai ke jawo ambaliya a Legas. Wani tsohon injiniya a ofishinmu ne ya gyara mini tunani, ya kai ni bakin wata babbar magudana ranar da aka kwana ana ruwa, ya nuna mini cewa ruwan ba tafiya yake ba, tsaye yake cak, alhali babu abin da ya toshe shi. Bayaninsa shi ne, magudanan birnin a tafkin Legas suke juyewa, tafkin kuma yana haɗe da teku, saboda haka idan ruwan sama mai ƙarfi ya haɗu da cikowar teku, ruwan unguwa ba shi da inda zai zuba sai ya jira. Birnin a kwari yake, fadamun da a da suke shanye ruwa an cike su da yashi an yi gini, ruwan teku yana ƙara hawa, iska kuma duk lokacin da zafinta ya ƙaru da digiri ɗaya takan ɗauki ƙarin danshi kusan kashi 7 cikin 100, wanda ke nufin ruwan da a da yake sauka a hankali yanzu yakan zubo a dunƙule. Duk wanda ya ga ranar Lahadi 10 ga Yulin 2011, da aka wuni ana sheƙa ruwa har mutane fiye da 20 suka rasu, ko Laraba 3 ga Yulin 2024, da motoci suka nutse a Iyana Oworo, ya ga wannan haɗuwa da idonsa. Mutanen Mile 12 da Owode da Isheri kuwa suna da tasu ƙarin jarrabawar, domin idan aka saki ruwan madatsar Oyan da ke kusa da Abeokuta a ƙarshen damina, kogin Ogun yakan shigo musu gida ko da sama tarwai take.

Da farko wannan bayani ya kashe mini jiki, don ciyaman ba shi da iko a kan teku. Amma injiniyan ya ce akasin haka ya kamata in fahimta: tunda ruwan dole ya jira, kowace kwata ma'ajiya ce, kuma kwatar da yashi da leda suka cinye rabinta, rabin ruwan da ya kamata ta riƙe a cikin shagunan mutane zai kwana. Wannan kuwa aikin ƙaramar hukuma ne a rubuce. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa magudanai da tituna da kasuwanni da mayanka da kwashe shara a cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Manyan magudanai na hannun gwamnatin jiha, amma lambatun da ke bin layi-layi, wanda ruwa ke fara faɗawa, namu ne.

A nan ne na ci karo da darasin da ya fi tsaya mini a rai, kuma darasi ne na kalanda. Ruwan Legas yakan kankama a Afrilu, ya yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Ke nan lokacin yashe kwatoci shi ne Janairu zuwa Maris, sa'ad da laka ta bushe, ana iya kwashe ta a zuba a mota. Mu kuwa takardar neman kuɗin aikin a farkon shekara muke rubuta ta, ta yi ta yawo daga tebur zuwa tebur, kuɗin ya fito bayan ruwa ya riga ya shiga wa mutane ɗaki, domin a lokacin ne kuka ke isa kunnen manya. Sai a ɗebo leburori cikin gaggawa, su shiga ruwa har ƙugu, su jibge baƙar laka a gefen titi, a ɗauki hoto. Motar da za ta kwashe lakar ba ta cikin lissafi, ruwan da za a yi bayan kwana biyu ya mayar da ita inda ta fito. Na ga an biya kuɗin yashe kwata ɗaya sau biyu a damina guda, kuma babu wanda ya ci ko kwabo a ciki, tsarin ne kawai ya zama fafe gora ranar tafiya. Tun daga nan, idan na ji an ce wata hukuma ta ɗauki sauyin yanayi da gaggawa, ba na tambayar me ta ayyana, ina tambayar a wane wata kuɗin yashe kwata ke fita, kuma ko an haɗa da kuɗin tifa.

Akwai kuskuren da hannuna ke ciki dumu-dumu. Gwamnatin Legas ta daɗe da hana masu tura kura kwashe shara, bisa hujjar cewa wasunsu a magudana suke juyewa, hujjar kuma tana da ƙamshin gaskiya. Wata shekara aka ce a yi samame a yankinmu, ni na shige gaba saboda na san inda suke ajiye kurayen, aka kwashe su. Cikin mako biyu shara ta taru a lungunan kasuwa fiye da yadda na taɓa gani, saboda motocin kamfanonin da aka ba kwangilar kwashe shara ba sa iya shiga lungun da mutum biyu ba sa gittawa sai ɗaya ya karkace. Mutane suka koma jiran dare, ko jiran ruwan sama, su tura wa kwata. Wani yaro daga cikin waɗanda aka ƙwace wa kura ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce, "Yaya, mu aka kora, amma sharar ba a kore ta ba." Sai da muka zauna da shugabannin kasuwa aka ware wuri guda a bakin titi, inda 'yan dako za su riƙa tara shara da safe motar ta zo ta ɗauka, sannan lungunan suka numfasa. A ganina waɗannan yara, da 'yan gwangwan da masu tsintar robobin ruwa suna sayar wa masu sarrafawa, suna rage wa magudanai nauyin da babu wanda ke rubuta shi a rahoto, kuma duk shirin da ya ɗauke su a matsayin matsala kawai zai yi asarar hannayen da ya fi buƙata.

Haramcin farar robar zuba abinci da jiha ta sanar a Janairun 2024 ya yi amfani, wannan na shaida, don kafin nan ita ce ke yin farin tabarma a saman kowace magudana. Ledar fiya wata da robar lemo suna nan, su ne yanzu ke cika bakin kwalbati.

Batun gargaɗi ma sai da na sake lale. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA mai sa ido kan ruwan koguna kuma tana fitar da jerin wuraren da ake fargabar ambaliya. Takardun sukan iso ofis da Turanci mai kauri, a sa su a fayil. Ni ma da farko fassara nake yi in liƙa a bango, ban lura cewa mutumin da ke sauke buhuna tun asuba ba zai tsaya karanta bango ba. Abin da ya yi aiki shi ne saƙon murya na minti ɗaya a WhatsApp, da kalmomi biyu-uku daga bakin liman bayan sallar Juma'a, da kuma safiyar Alhamis, wadda kasuwannin Legas ke rufe har ƙarfe 10 domin tsabtace muhalli. Saƙon kuma ba "a yi hattara" ba ne. Cewa muke a ɗaga buhuna a kan katako, kada a sauke mota a layin ƙasa a wannan mako, masu kwana a rumfa su koma bene.

Ba na raina manyan tsare-tsare. Legas ta fitar da shirin yaƙi da sauyin yanayi na 2020 zuwa 2025 da burin kawar da hayaƙi mai ɗumama duniya nan da 2050, Najeriya kuma tana da dokar sauyin yanayi tun 2021. Sai dai daga inda nake tsaye, tazarar da ke tsakanin waɗannan takardu da kwatar bayan rumfar albasa kuɗi ne da iko. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ya sa wasu abokan aikina murna, amma a Legas lissafin yana da sarƙaƙiya, domin ƙananan hukumomi 20 ne tsarin mulki ya sani, ga kuma yankunan raya ƙasa 37 da jiha ta ƙirƙira suna cin abinci a kwano ɗaya da su. Ko da kuɗin ya zo cif-cif, babu hukuncin da zai tilasta wa kansila ya fifita kwatar da ba a gani a kan titin da za a yanka zare a buɗe.

A shekarata ta ƙarshe a wannan ofis mun samu, bayan doguwar jayayya, aka saki kuɗin yashe kwatocin kasuwar a watan Fabrairu. Rana tana dukan mutane, babu ko gizagizai, masu wucewa suna tambayar abin da ya sa ake tonon kwata da rani. Dattijon nan dillalin albasa ya fito da carbinsa ya tsaya a kan leburori, ya dubi tulin busasshiyar laka, sannan ya dube ni ya ce, "Ɗana, motar fa?" Na ce masa tana hanya, an ce kafin Azahar. Ya sa aka kawo masa benci, ya zauna a bakin titi, ya ce ba zai tashi ba sai ya ga an loda.