Wasiƙa daga Kisumu: Gona Ɗaya, Ƙasa Iri-iri

Zuwa ga 'yan uwana manoma na gida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyar iyali, ina rubuto muku ne daga yammacin Kenya, inda aiki ya kai ni gonakin Vihiga, arewa da birnin Kisumu. Mutane sun yi yawa a wannan yanki, gonaki kuwa ƙanana ne, mafi yawansu ba su kai hekta ɗaya ba, amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ƙasa ke sauya hali a cikin ɗan wannan fili.

Idan ka tsaya a bayan gida, inda ake zuba toka da shara da kashin saniyar da ke ɗaure a turke, za ka ga masara ta yi baƙi ƙirin, ga ayaba ta yi lif-lif. Ka yi taku ɗari zuwa ƙarshen gonar, sai ka tarar da masara ta ɗashe, ta tsumbure, ƙuduji ya sarƙe ta, alhali iri ɗaya aka shuka a rana ɗaya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: shekara da shekaru ana kwaso kara da ciyawa daga nesa a ciyar da dabba a gida, takin kuma ya tsaya kusa saboda nauyin ɗauka, wato gonar nesa ce ke ciyar da ta kusa. Ga shi kuma jar ƙasar nan tana da tsami, tana riƙe sinadarin fosfaras ta hana shuka, shi ya sa wasu ke barbaɗa farar ƙasa kafin su sa taki.

Wannan ya tuna mini da karkarar Kano, inda tun kaka da kakanni ake kai takin birni gona a mangala bisa jakuna, da yadda manomi ke roƙon Bafulatani ya kwantar da shanunsa a gonarsa da rani. Iyayenmu ba su taɓa ɗaukar ƙasa abu ɗaya ba. Sun san jigawa mai sauƙin noma wadda ruwa ke wanke takinta, sun san fadama mai laka, da jangargari, da fako inda ruwa ke gudu bai shiga ba, sun kuma san geron gindin gawo ya fi na fili, domin gawo yakan zubar da ganye da damina ya kuma ƙara wa ƙasa naitirojin. A ganina waɗannan sunaye taswira ce da muka gada, sai dai muna mantawa da ita ranar da buhun taki ya shigo gida, mu watsa shi daidai wa daida tun daga bakin gona har ƙarshenta.

Masu bincike a nan sukan kasa filaye kashi uku, kuma na gamsu da wannan rabo. Akwai fili mai ƙarfi wanda taki kaɗan ya ishe shi. Akwai matsakaici, wanda shi ne ke mayar da kuɗin kamfa da yuriya har da riba, don haka can ya kamata mafi yawan buhun ya tafi. Sai kuma filin da ya gaji, wanda zaizaya ta kwashe samansa, wanda ko an zuba masa takin zamani ba ya amsawa sai an yi 'yan shekaru ana ba shi takin gargajiya, ana barin kara a kansa, ana juya shi da wake ko gyaɗa. Takaicina shi ne wannan kashi na uku, domin a kansa talaka ke cin bashi ya sayi taki, kaka ta yi bai ga komai ba, ya yanke hukunci cewa takin ne jabu.

'Yan uwanmu na Nijar sun riga mu a wannan fanni. A cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, aka gwada sa wa kowane ramin gero kimanin giram 6 na kamfa 15-15-15, cikin murfin kwalbar lemo ke nan, abin da ya kama kilo 60 a hekta mai rami 10,000. Manoman jihar Tawa kuwa sun farfaɗo da fako ta hanyar haƙa tassa, wato ƙananan ramukan shuka, su zuba ɗan taki a kowane rami ya tare ruwa.

Roƙona gare ku a daminar bana shi ne kowa ya zagaya gonarsa kafin shuka, ya ware ɓangarorinta bisa abin da ya gani bara. A kowane ɓangare a keɓe kunya goma babu taki, goma da kamfa, goma da takin gargajiya, goma kuma da duka biyun, sa'an nan a ƙirga dammunan kowanne daban da kaka, a nuna wa malamin gona. Wanda ke da hali ya kai samfurin ƙasarsa cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya a auna masa, amma kada ya haɗa ta bayan gida da ta nesa a leda ɗaya.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Wassalam.

Naku,
Ɗan uwanku a Kisumu