Cin sushi karon farko a Osaka, da abin da ya kamata baƙo ya sani

Abin da ya fi hana mutanenmu kai hannu ga sushi, abincin Japan na shinkafa da kifi, shi ne jin cewa ɗanyen kifi ne. Da wannan fargabar muka shiga wani shagon sushi a Osaka, ni da abokan karatuna 'yan Najeriya da wani ɗan Pakistan, sai ɗan ajinmu ɗan Japan da ya yi mana jagora. Amma kifin bai ba kowa wahala ba a cikinmu. Waɗanda suka tashi suna yatsine fuska, gishirin shoyu, baƙin ruwan ɗanɗano na waken suya, ne ya yi musu yawa, ko wasabi, koren yajin Japan, ya hau musu ka, ko kuma sun ɗauki farantin da ya daɗe yana yawo.

Shagon irin wanda ake kira kaiten-zushi ne, inda faranti ke zagayawa a kan bel a gaban masu ci. Wani mai suna Yoshiaki Shiraishi ne ya fara buɗe irinsa a yankin Osaka a 1958. Ga ɗan koyo babu kamarsa, domin yawanci faranti guda biyu ne kawai a ciki, kuɗinsa kaɗan, yawanci launin farantin ne ke nuna farashi. Kai da abokinka sai ku raba, kowa ɗaya. In bai yi muku ba, asarar ba ta taka kara ta karya ba. Farantin da ka taɓa kuwa ya zama naka, ba a mayar da shi kan bel. Akwai allon taɓawa a kowane tebur, kuma yin oda ta nan ya fi ɗauka daga bel nesa ba kusa ba. Kifin da ya yi zagaye da yawa samansa yakan bushe ya daina sheƙi, shinkafar ta huce, nori, wato baƙar ciyawar tekun da ake naɗi da ita, ta sha danshi ta koma tana jan haƙori.

A gefen tebur akwai wani ɗan famfo. Mu da muka saba wanke hannu kafin cin abinci, ido na ganinsa hannu ke tafiya. Ɗaya daga cikinmu har ya naɗe hannun riga, na kusa da shi ya riƙe shi ya ce, "Malam, tsaya! Dubi tururi." Tafasasshen ruwan shayi ne. Garin koren shayi na cikin gwangwani a gefe, ka zuba ɗan ƙaramin cokali ɗaya ko biyu a kofi, ka danna kofin jikin maɓallin. Na goge hannu jiƙaƙƙen tawul ne ko tishu da ake ajiyewa.

Duk wanda ya san sushi, shinkafar yake fara dubawa. Gajera ce mai danƙo, an gauraya ta da ruwan khal (vinegar) na shinkafa da sukari da gishiri, kuma ana so ta zo da ɗumi-ɗumi kamar ɗumin jikin mutum, kifin da ke kanta kuma da ɗan sanyi. Gwani yana dunƙula ta ne yadda za ta tsaya a hannu amma ta warware da zarar ta shiga baki. In ka ji ta daskare ko ta yi sanyin firji, komai tsadar kifin an riga an yi asara. Tsamin nan yana da tarihi. Da can kifi ake binnewa cikin gishiri da dafaffiyar shinkafa watanni har ya yi tsami, a ci kifin a zubar da shinkafar, kuma har yau ana yin irinsa, funazushi, a kewayen tafkin Biwa. Wannan na dunƙule da muke gani yanzu, nigiri, ana danganta shi da Hanaya Yohei a birnin Edo, Tokyo ta yau, wajen shekarun 1820. Lokacin babu firji, don haka kifin ma jiƙa shi ake yi a shoyu, ko a khal, ko a dafa. Shi ya sa har yanzu kaso mai yawa na abin da ke kan bel ba ɗanye ba ne.

Ta nan jagoranmu ya sa muka fara. Tamago, wainar ƙwai mai ɗan zaƙi. Ebi, dafaffen jatan lande. Kappa maki, naɗin kokwamba zalla. Inari, shinkafa cikin soyayyen awara mai zaƙi. Waɗannan suna sa harshe ya saba da tsamin shinkafar ba tare da zuciya tana tashi ba. Daga nan sai aburi, kifin samon da aka babbake samansa da wuta na 'yan daƙiƙoƙi, sama ya gasu ƙasa ɗanye. A ganina wannan farantin shi ne gadar. Wanda ya ci shi ba ya jin tsoron na gaba. Sai ɗanyen samon, sai maguro, wato tuna: jan naman bayansa, akami, ba shi da kitse sosai, na cikinsa kuma, chutoro da otoro, kitse ne da ke narkewa a harshe, kuma su suka fi tsada. Samon ɗin da baƙi suka fi so ma baƙo ne a sushi. Mutanen Japan ba sa cin nasu ɗanye saboda tsutsa, sai da Norway ta shiga tallata na kiwo a wurinsu tun daga shekarun 1980.

Akwai waɗanda zan ce a bar su sai zuwa na gaba. Ika, wata dabbar teku mai farin nama, yauƙi da tauri gare ta a lokaci guda. Uni, abin cikin wata dabbar teku mai ƙaya, yana da laushin da ke tayar wa wasu zuciya. Natto waken suya ne da aka ruɓar, warinsa na tuna wa mutum daddawa, sai dai shi yana jan zare. Saba kuwa ɗan gidan titus ɗinmu ne, an jiƙa shi a gishiri da khal, kuma shi ya fi kowa ƙarni. Lafiyayyen kifin sushi ba ya ƙarnin da muka sani a kasuwa. In ka kai hanci ka ji ya buge ka, ajiye shi.

Da hannu ake cin nigiri in an so, babu mai kallonka, kuma mu ya fi mana sauƙi fiye da tsinkaye biyun da mutanen Japan ke cin abinci da su. Ka kama shi da yatsu uku, ka kwantar da shi gefe, ka taɓa gefen kifin kaɗan a shoyu, ka sa baki gaba ɗaya a loma guda. Shinkafar ba ta taɓa shoyu. Na kalli na kusa da ni ya dangwala ta ƙasa: nan take ta sha ruwan ta yi baƙi, ta rabu biyu, rabi ya zube a ɗan kwanon, abin da ya kai baki kuma gishiri ne zalla. Cokalin shayi ɗaya na shoyu a kwanon ya isa farawa. Irin waɗanda aka riga aka shafa wa miya mai kauri, kamar unagi, dogon kifin nan mai siffar maciji, ba sa buƙatar ƙari. Yankakkiyar cittar da ke cikin akwati ana cin ta ne tsakanin kifi da kifi don ta wanke baki, ba a ɗora ta a kai. In kuma da tsinke kake ci, kar ka miƙa wa wani abinci daga tsinkenka zuwa nasa, domin haka mutanen Japan suke ɗaukar ƙashin mamaci bayan an ƙone gawa.

Mu masu cin yaji mukan raina wasabi. Zafinsa ba a harshe yake zama ba, ta hanci yake bi ya haye ka, ido ya kawo ruwa, cikin daƙiƙoƙi kuma ya wuce. Kwatankwacin ƙwayar wake ya ishi loma biyu. In ya kama ka, buɗe baki ka fitar da numfashi ta nan. Wasu shagunan suna sa shi a ƙarƙashin kifin tun daga kicin. Mai son babu sai ya ce "sabi nuki". Yawancin abin da ake bayarwa a shagunan araha ma wani saiwa ne daban da aka rina kore. Na ainihin a ruwan sanyi mai gudu yake fitowa, a wurare kamar Shizuoka da Nagano, ana gurza shi nan take, kuma ya fi sauƙin zafi.

Batun halal ya fi na ɗanye ɗaukar mana lokaci a teburin. A mazhabar Malikiyya dabbobin teku duk halal ne, shi kuwa abokinmu ɗan Pakistan Bahanafe ne, kifi kaɗai ya ci, ya bar sauran. Inda ake buƙatar lura shi ne kayan haɗi. Mirin giyar girki ce ta shinkafa mai barasa kusan kashi 14 cikin ɗari, kuma ita da sake, giyar shinkafa ta sha, suna shiga miyar unagi, da wainar ƙwai a wurare da yawa, da ruwan da ake dafa inari. Shoyu na gargajiya ma yana da ɗan burbushin barasa daga tsimawa, kuma malamai sun yi maganganu mabambanta a kansa. Akwai mai shaidar halal a ƙananan kwalabe, wasu ɗalibai da shi suke yawo a jaka. A kan bel kuma ana samun farantai masu naman alade, haka ma romon taliyar ramen. Abin da ya fi tsira shi ne kifi zalla a kan shinkafa, a kuma tambayi ma'aikata.

Haɗarin ɗanyen kifin teku na gaske wata farar tsutsa ce, anisakis, tsawonta santimita 2 zuwa 3, an fi samunta a saba da ika da samon na daji. Tana kama bangon ciki, mutum ya yi ta murɗa da amai sa'o'i kaɗan bayan ci. Khal da gishiri da wasabi ba sa kashe ta. Sanyi ko wuta ke kashe ta: hukumar lafiya ta Japan ta ce a daskarar a digiri 20 ƙasa da sifili na aƙalla awa 24, ta Amurka kuma ta ce kwana 7 a wannan sanyin. Kifin ruwan daɗi, irin tarwaɗa da karfasa, ba a cin sa ɗanye sam. Titus ɗin kwali da ya narke ya sake daskarewa a hanya shi ma a'a, domin sanyi ba ya gyara kifin da ya fara lalacewa. Mai ciki da ƙananan yara da marar lafiya su tsaya a dafaffe.

Wanda yake so ya gwada a gida da abokai, naɗi da dafaffen kaya ya fi. Shinkafa gram 300, gajera. Mai tsawo da aka turara ba ta kama jiki, in ba a samu ta Japan ba shinkafar tuwo ta fi kusa. A wanke ta har ruwan ya kusa yin fari tas, a jiƙa minti 30, a dafa da ruwa mililita 360 a rufe, wuta ƙasa-ƙasa kamar minti 12 bayan ta tafasa, a kashe a bar ta minti 10 ba a buɗe ba. A narkar da sukari babban cokali 2 da gishiri ƙaramin cokali 1 cikin khal babban cokali 3 zuwa 4. A juye shinkafar da zafinta a akushi ko faffaɗan faranti, a yayyafa haɗin, a riƙa yanka ta da gefen cokalin katako wani yana fifita. Juya ta da ƙarfi na murƙushe ƙwayar ta cuɗe, in kuma ta huce kafin a zuba khal ba za ta sha ba. A rufe da jiƙaƙƙen tsumma, kar ta shiga firji.

A raba nori gida biyu, gefen mai sheƙi a ƙasa, a kan 'yar tabarmar gora. A jiƙa hannu da ruwan da aka ɗiga wa khal, a shimfiɗa shinkafa kamar gram 80, a bar santimita ɗaya a bakin can babu komai. Kokwamba, ko fiya, ko tuna na gwangwani da aka tsane aka haɗa da mayonis, layi ɗaya siriri a tsakiya. Yawan cusa kaya shi ke sa naɗi ya ƙi rufuwa. A naɗe a matse sau ɗaya, a kwantar da shi kan bakin haɗin minti biyu, sannan a yanka gida shida da wuƙa mai kaifi, ana goge ta da jiƙaƙƙen tsumma bayan kowane yanka.