Ashe matsalar a kaina take, ba a mara ba

A shekarata ta uku a gidan miji al'adata ta fara yi min wasan ɓuya. Sai ta yi wata biyu ba labari, ta leƙo kwana ɗaya, ta sake ɓacewa. Duk sanda na yi ɓatan wata sai in saci jiki in sayo abin gwajin ciki a kemis ɗin bakin layinmu, kullum kuma layi ɗaya ne ke fitowa. Har mai kemis ya gane ni, da ya hango ni zai ƙulla shi a baƙar leda tun ban buɗe baki ba.

Akwai abin da na ɓoye wa kowa, har maigidan. Wata safiya ina wanka na ga farin ruwa na tsatsafowa daga nonona, ni da ko ɓari ban taɓa yi ba. Kullum rigar mamata da tabo, sai in wanke in shanya a ɗaki don kada a gani.

Da na kai wa Gwaggo kukan al'adar, ko ɗagowa ba ta yi daga tsintar shinkafarta ba ta ce, "Sanyi ne, 'yar nan." Mu dai a wajenmu komai sanyi ne. Na sha jiƙo, na sha sassaƙe, na yi turaren tsuguno har na gaji. Wata maƙwabciya kuwa cewa ta yi namijin dare ne.

Ranar da na je wajen likitar mata a nan Kano, na zaci sikanin mara za ta fara turo ni. Sai ta dube ni ta ce, "Malama, nononki yana kawo ruwa?" Na sunkuyar da kai. Ta juya bayan wata takarda ta zana kan mutum, ta ɗiga ɗan ɗigo a ƙasan ƙwaƙwalwa, daidai bayan karan hanci. Ta ce nan ne wata 'yar halitta take, fitutari sunanta, girmanta bai wuce ƙwayar wake ba, amma ita ke aika wa ƙwan mace saƙo ta cikin jini ya nuna ya fito. Ita ce kuma ke fitar da furolaktin, sinadarin da ke kawo ruwan nono. Idan ya yi yawa, sai wancan saƙon ya tsaya, ƙwai ba ya fita, al'ada ta rikice. Shi ya sa mai jego da ke shayarwa sosai kan yi watanni ba ta ga jini ba. Wato jikina ya ɗauka goyo nake yi.

Gwajin jini ya tabbatar furolaktin ɗina ya yi yawa. Na macen da ba ta da ciki ba ya cika wuce 25 a ma'auninsu, nawa ya ninka haka fiye da sau uku. Ta sa aka duba sinadarin tayirod, wata halitta da ke maƙogwaro, don idan ya yi ƙasa shi ma yakan tayar da furolaktin, ta kuma tambaye ni ko ina shan maganin amai ko na ƙwaƙwalwa. Duk babu. Hoton MRI, wanda kuɗinsa ya sa maigida zufa, shi ya nuna ɗan tsiro da bai kai milimita 10 ba a jikin fitutarin, wanda shi ke sa furolaktin ɗin yawa. Jin kalmar tsiro a kai ya sa gwiwata ta yi sanyi, sai da ta maimaita min sau biyu cewa ba daji ba ne, kuma yawanci ba a yi masa aiki.

Ƙwayar kabagolin, maganin rage furolaktin, ta rubuta min, rabi sau biyu a mako, da dare bayan cin abinci saboda jiri. Jirin kam na sha shi a makon farko. Nonon ne ya fara ƙafewa, a mako na bakwai al'ada ta dawo ta yi kwana biyar cif.

Na kira Gwaggo da murnata na faɗa mata. Ta ce, "Ai na gaya miki jiƙon nan ba ya ƙarya, sai dai ya jinkirta." Na ce haka ne, Gwaggo.