Wata uku ina koyon faɗuwa

Karatu ne ya kai ni lardin Ibaraki na ƙasar Japan, kuma a can wani abokin karatuna ya ja ni zuwa ɗakin koyon aikido, wata fasahar kare kai ta Japanawa. Na taso ina kokawa a dandali bayan girbi, saboda haka burina in ga na kai mutum ƙasa. Malamin, wani dattijo mai furfura, ya ce in fara da faɗuwa tukuna, abin da suke kira ukemi. Ka lanƙwasa hannu kamar baka, ka manna haɓa da ƙirji, ka mirgina ta kafaɗa ka miƙe. Wata uku cur ina wannan, kafaɗata kullum tana tsami. Raina ya sosu ƙwarai, har na yi niyyar bari.

Ranar da ido ya buɗe min, wata mata ce ƴar siririya aka haɗa ni da ita. Na damƙe wuyan hannunta iya ƙarfina. Ba ta fizga ba, ba ta ture ni ba. Juyawa kawai ta yi a kan ƙafa ɗaya ta dawo gefena, salon da suke cewa tenkan, sai ga ni a kan tabarma. Abin da ya fi taɓa ni, tana riƙe da gwiwar hannuna har na sauka, don kada in ji ciwo.

Daga baya na gane asalin wannan halin. Morihei Ueshiba, wanda ya kafa aikido, da aka haifa a garin Tanabe a 1883, ya koyi Daito-ryu a hannun Takeda Sokaku, fasahar da ke iya karya gaɓa nan take. Amma ya juya ta zuwa hanyar da za ka kare kanka ba tare da ka nakasa wanda ya kawo maka hari ba. A 1942 ya koma Iwama, nan cikin Ibaraki, yana noma yana horo. Har ya rasu a 1969 bai yarda a yi gasa a aikido ba.

Ni dai na ga canji a harshena. Da, ana gaya min baƙar magana nake mayar da biyu. Yanzu ina jin kafaɗuna sun ɗaure, irin ɗaurewar da ke sa faɗuwa ta yi zafi, sai in saki numfashi kafin in buɗe baki. A shekarata ta biyu aka ba ni wani sabon yaro in koya masa mirginawa, na tallafe masa gwiwar hannu har ya sauka.